Wasan da ya riƙe min abin da na manta

Na daɗe ina buga wasannin bidiyon da ake kira RPG, wato waɗanda za ka shiga rigar wani jarumi, ka raine shi tun yana da rauni har ya ƙasaita, ka tara masa abokan tafiya, ka zaɓa masa hanya a duk inda ta rabu biyu. Tushensu wasan tebur ne, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, ana buga shi da takarda da fensir da ɗan lido, kafin kwamfuta ta karɓi aikin lissafin. Na kai ƙarshen da yawa, wasu kuma na ajiye su a tsakiya. Kwanakin baya na zauna ina tuno su ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani abu. Akwai wanda na ba shi sama da awa 100 amma mutanen cikinsa sun gushe min, akwai kuma wanda na gama cikin awa 20 da 'yan kai, amma har yau in na rufe ido ina ganin wani ɗaki a cikinsa. Dalilin wannan bambanci nake son in bi, ta hanyar wasanni 6 da na fi ƙauna. Wanda bai buga su ba ya sani tun yanzu cewa zan tona wasu asiran labarinsu, domin abin da nake son faɗa ba ya faɗuwa sai da hakan.

Da Chrono Trigger zan fara, don shi ne mudun da nake auna sauran. Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 1995 a kan na'urar Super Nintendo. Akira Toriyama ne ya zana mutanen ciki, Yasunori Mitsuda ya tsara yawancin kiɗan. Hotonsa 'yan ɗige-ɗige ne, babu murya, duk magana a rubuce take. Ana buɗe wasan da wani babban biki a masarautar Guardia, a shekara ta 1000. Yaron da kake riƙe da shi, Crono, yana yawo a filin bikin sai suka yi karo da wata yarinya mai suna Marle, dukansu suka faɗi, abin wuyanta ya yi gefe. Ni abin wuyan na fara ɗauka kafin in duba ta, saboda duk wanda ya saba da irin waɗannan wasanni hannunsa ya riga ya koyi cewa abin da ke ƙasa na ɗauka ne. Na ga ƙunshin abinci a ajiye, na danna, Crono ya cinye. Wata ƙaramar yarinya tana neman kyanwarta da ta ɓata, na wuce ta ina saurin in ga gaba. Da Marle ta tsaya zaɓen alewa, na ƙosa na ja ta mu tafi.

Bayan 'yan awoyi, an je shekara ta 600 an dawo, sai aka kama Crono bisa zargin sace 'yar sarki, don ashe Marle gimbiya ce. Aka gurfanar da shi a kotu, aka fara kiran shaidu. Tsohon da ke da abincin nan ya fito. Aka sake nuna min, a kan allo, yadda na nufi abin wuyan na bar yarinya a ƙasa. Aka kawo maganar yadda na finciko ta daga wurin mai alewa. Yarinyar kyanwa, wadda da ta tsaya min da na taimake ta, ba ta da abin alherin da za ta faɗa. Masu yanke hukunci 7 suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kowa yana tsayawa a ɓangaren da ya zaɓa. Gaskiya ne hukuncin ba ya sauya hanyar labarin, ko an wanke ka ko an kama ka da laifi, wazirin sarki zai sa a jefa ka kurkuku. Amma ni kunya ta gaske na ji a wurin. Wasan bai gargaɗe ni ba a filin biki, bai nuna min wani ma'aunin kirki da mugunta yana hawa yana sauka ba. Shiru ya yi yana kallona, ya riƙe abin da ni na manta, ya fito min da shi a gaban jama'a. Tun daga ranar na fahimci cewa wasan da ya tuna da ni shi nake tunawa da shi.

Akwai wani wuri kuma a cikinsa da ba dole ne ma ka je ba. Wata mata, Fiona, a shekara ta 600, tana son ta raya dajin da hamada ta cinye. Robo, mutum-mutumin injin da ke cikin tawagarka, ya ce a bar shi ya taya ta. Kai a wurinka tafiyar daƙiƙu ce, ka shiga jirgin zamani ka sauka a shekara ta 1000. Inda ka bar rairayi sai ka tarar da kurmi, a tsakiyarsa wani ɗaki da aka gina, a ciki ga Robo zaune ya daina motsi, bayan shekara 400 yana noma da dashe. A daren nan tawagar ta kwana a dajin a bakin wuta, Lucca, ƙawar Crono mai ƙere-ƙere, tana gyara shi. Ɗakin da na ce ina gani in na rufe ido, shi ke nan.

Final Fantasy VII ya biyo baya a 1997, daga kamfanin guda, a kan PlayStation, faifai 3. Shi ta wata ƙofa ya shigo min. Birnin Midgar hawa biyu ne, masu hali a sama a kan wani ƙaton faranti, talakawa a ƙarƙashi ba sa ganin rana, kamfanin Shinra kuma yana zuƙe ran duniya yana mayar da shi lantarki. A nan Cloud, jarumin da kake riƙe da shi, ya gamu da Aerith, mai sayar da furanni. Ita ce mai warkar da tawaga in faɗa ya yi tsanani, don haka na sa ta a gaba, na ba ta mafi kyawun duwatsun sihirin da ake kira materia, na ɓata awoyi ina ɗaga matakinta. A ƙarshen faifai na farko, tana durƙushe tana addu'a, Sephiroth, babban mugun labarin, ya diro daga sama da doguwar takobinsa ya soke ta. Farin dutsen da ke ɗaure a gashinta ya suɓuce, ya riƙa tsalle a kan matakala har ya faɗa ruwa, kiɗan Nobuo Uematsu ya taso a hankali. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba a ba ka sararin juyayi ba. Nan take aka tura ka faɗa da wani dodo, kuma ba a sauya kiɗan zuwa na yaƙi ba, wannan mai sanyin ya ci gaba yana tafiya kana sara kana karewa. Da aka gama na buɗe jerin tawaga, babu sunanta.

A cikin wasan akwai wani magani da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen fama, shi ya sa mutane da yawa suka ƙi yarda ta tafi ke nan, aka shekara da shekaru ana yaɗa jita-jitar hanyoyin dawo da ita. Babu ko ɗaya a wasan. Rashin ya yi zafi ne saboda ba Cloud kaɗai ya yi shi ba, har da ni da na zuba mata lokacina. Aibinsa a yau a fili yake: faɗan da ke faɗo maka ba zato duk bayan 'yan taku yana gajiyarwa, kuma jikin mutanen kamar an haɗa su da 'yan akwatuna. Sabon da aka sake ginawa a 2020 ya fi shi kyan gani nesa ba kusa ba, sai dai kashinsa na farko a Midgar kawai ya tsaya, kuma an ja wasu wurare sun yi tsawon da ba su buƙata.

Wanda ya fi cin lokacina kuwa Skyrim ne, na kamfanin Bethesda, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011. Ina son tsarinsa na ƙwarewa: abin da ka yawaita yi shi kake gwanancewa a kai, in harbin baka ne baka, in ƙira ce ƙira. Ina tuna hawan dutsen High Hrothgar ta matakalar da ake ce wa 7,000, iska na kaɗa dusar ƙanƙara. Ina tuna ranar da na gangara ƙarƙashin wani kango na ɓulla Blackreach, kogon da girmansa ya kai gari, cike da manyan tsirrai masu haske shuɗi. Amma na zama shugaban makarantar masu sihiri, na zama shugaban ƙungiyar mayaƙa, na zama shugaban ƙungiyar ɓarayi, duk a jiki ɗaya, na kashe Alduin, dodon da zai cinye duniya, na dawo garin Whiterun na tarar kowa na harkarsa kamar jiya, in ban da ɗan abin da masu gadi kan faɗa in na gifta. Duniyar ta ba ni 'yancin yin komai, amma kusan babu abin da ta riƙe min. Duwatsunsa suna nan a kaina, mutanensa kuwa ƙalilan ne suka saura. Har yanzu nakan koma in yi yawo a cikinsa in raina na son natsuwa, kuma a wannan fanni ban ga kamarsa ba.

The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland, wanda ya fito a watan Mayun 2015, shi ne ya ɗauki darasin kotun Chrono Trigger ya kai shi inda ban zata ba. Kai ne Geralt, maharbin dodanni da ake biya lada, kana neman Ciri, yarinyar da ka raina kamar 'yar cikinka. A yankin Velen, ƙasar fadama da yaƙi ya ɗaiɗaita, sai ka bi ta hannun wani mai mulkin ƙarfi da ake wa laƙabi da Bloody Baron. Matarsa Anna da 'yarsa Tamara sun ɓace, ya ce ka nemo su shi kuma ya gaya maka abin da ya sani game da Ciri. Sannu a hankali za ka gano ba sace su aka yi ba, gudu suka yi, domin mashayi ne mai dukan matarsa. Na tsane shi. Sannan aka zo daren da ya ɗauki abin da ɓarin cikin matarsa ya rikiɗa ya zama, ya rungume shi a ƙirji yana tafiya cikin duhu, ya raɗa masa suna, ya binne shi a bakin ƙofar gidansa yana kuka. Wasan bai wanke shi ba, bai kuma bar ni in tsaya a kan ƙiyayyata cikin sauƙi ba.

A cikin wannan labarin akwai wani ruhi da ke ɗaure a gindin bishiya, yana roƙon ka sake shi, ya yi alkawarin ceto wasu marayu daga hannun mayun fadamar. Gaba kura baya sayaki. Na sake shi. Yaran suka tsira, amma ya afka wa wani ƙauye ya hallaka mutanensa, mayun suka huce a kan Anna ta mutu, da na koma gidan Baron na tarar ya rataye kansa a bishiyar tsakar gida. Duk wannan bai bayyana ba sai bayan awoyi, lokacin da komawa baya ya yi nisa. Da na kashe ruhin, da Baron da matarsa sun rayu, yaran kuma sun tafi.

Duk da haka ba wannan ne ya fi tsaya min a rai ba. Ƙarshen wasan gaba ɗaya yana rataye ne a kan wasu 'yan ƙananan lokuta tsakaninka da Ciri, waɗanda ba a yi musu wata alama ba. Tana cikin baƙin cikin mutuwar tsohon malaminsu Vesemir, ko ka ja ta wasan jifa da dusar ƙanƙara ko ka zaunar da ita shan abin sha. Manyan matan sihiri sun kira ta ganawa, ko ka bar ta ta shiga ita kaɗai ko ka ce sai da kai. Ta fusata tana son ta farfasa wani ɗakin bincike, ko ka ƙyale ta ko ka ce ta kwantar da hankali. Ta roƙi ka raka ta kabarin wani saurayi da ya taimake ta, ko ka je ko ka ce babu lokaci. Ni kusan ko'ina na zaɓi abin da na ɗauka kariya ce. Na bi ta cikin ganawar na yi magana a madadinta, na hana ta fasa kaya, na ce lokaci ya ƙure. Da zuciya ɗaya na yi, ina ganin haka uba yake yi. A ƙarshe ta shiga inda za ta fuskanci abin da ke barazana ga duniya, tana tuno lokutan nan, ba ta sami abin da zai ƙarfafa mata gwiwa ba, ba ta dawo ba. Geralt ya koma fadamar Velen shi kaɗai ya ƙwato lambar wuyan Vesemir, ya zauna a cikin wata bukka ya dafe kai, dodanni suna kewaye ta. Na daɗe zaune ban kashe na'urar ba.

Faɗansa bai kai labarinsa ba. Takobin ba ya da nauyi a hannu, bayan wani lokaci kusan salo ɗaya kake maimaitawa, kuma alamomin tambaya da suka cika taswirar tekun tsibiran Skellige aikin wahala ne da ba ya biyan gumi. Na yafe masa duk wannan.

Elden Ring, na FromSoftware a ƙarƙashin Hidetaka Miyazaki, wanda ya fito a Fabrairun 2022, daban yake da duk waɗannan, har ya sa na yi wa ra'ayina kwaskwarima. Shi ba ya tuna ka. Kai yake tilasta wa ka tuna shi, kuma a yatsu tunanin yake zama. Kana fitowa fili na farko za ka ga wani mahayi mai sulken zinariya, in ka tunkare shi zai shimfiɗe ka nan take, darasin kuma shi ne ka kewaye shi ka dawo bayan ka yi ƙwari. Margit, bos na farko, wato babban abokin gaba, mai tsare hanyar fada, ya kayar da ni fiye da sau 20. Yana ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama fiye da yadda ido ke zato, ka kauce da wuri, sannan ta sauko maka. Ranar da na ci shi hannuna rawa yake, kuma na tabbata ko yau aka ba ni shi yatsuna sun san lokacin. Akwai kuma wata rijiya a dajin gabashin Limgrave da ka hau wani dandamali ya yi ta nutsawa da kai har ka fara zaton ba zai tsaya ba, sai ga kogin Siofra, da sararin sama mai taurari a ƙarƙashin ƙasa. Labarin kansa a warwatse yake cikin bayanan makamai da guntayen maganganu, sai mai haƙurin tsintowa. Babu wurin rage wahala, saboda haka ba kowa zai jure masa ba, kuma ban ga laifin wanda ya ajiye shi ba.

Na baya-bayan nan a cikinsu shi ne Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam, Agustan 2023. Ya dawo da ɗan lidon Dungeons & Dragons mai fuska 20 a fili, kana ganinsa yana juyi a allo duk lokacin da za ka lallashi wani, ko ka buɗe kwaɗo, ko ka yi ƙarya. Faɗansa bi-da-bi ne, kowa da zagayensa. Ƙarfinsa shi ne faɗuwa ba ta tsayar da labari, wata hanyar take buɗewa. Riƙonsa kuma ya kai na kotun Crono, har ya zarce. A kashi na farko akwai wasu 'yan gudun hijira masu ƙaho da suka fake a wani kurmi, cikinsu da wani maƙeri, Dammon. In ka tsaya musu suka tsira, za ka sake gamuwa da shi a kashi na biyu a wani masauki, kuma shi ne zai gyara injin wutar da ke ƙirjin Karlach, abokiyar tafiyarka da ta shekara da shekaru ba ta iya taɓa kowa don kada ta ƙona shi. In ka bari aka kashe su, wannan ƙofa ta rufe, babu mai gaya maka abin da ka rasa. Shawarata ga mai buga shi ita ce ya daure kada ya riƙa komawa wurin da ya ajiye wasa duk sanda lidon ya ba shi ƙasa. Daɗin yana cikin zama da abin da ya fito. Kashi na uku ya cika da ayyuka har suna danne juna, a nan na ɗan yi sanyi kafin in ƙarasa.

Wajibi ne in faɗi cewa The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 na manya ne, an yi musu alamar shekara 18 a tsarin Turai, akwai zubar da jini da tsiraici da maganganun da ba su dace da yara ba. Na biyun yana da wurin da ake rufe tsiraicin tun daga farko. Wanda bai taɓa buga RPG ba, ko yake nema wa ƙaninsa, Chrono Trigger nake miƙa masa ba tare da shakka ba: gajere ne, babu cikon banza, kuma yanzu ana samunsa a waya da kwamfuta. Mai son yawo ya ɗauki Skyrim, mai son gwada ƙashinsa Elden Ring.

Bayan kamar shekara guda na sake buga The Witcher 3 daga farko. Da aka zo farfajiyar Kaer Morhen, sansanin maharban dodanni, na ja Ciri jifa da dusar ƙanƙara, tana ɓacewa tana ɓullowa ta bayana tana dariya. Na tsaya a waje ta shiga ganawar ita kaɗai. Na taya ta kifar da kayan ɗakin binciken, na raka ta kabarin. A wannan karon ta dawo, Geralt ya same ta a wani masauki a White Orchard ya miƙa mata sabuwar takobin azurfa da ya sa aka ƙera mata. Na ji daɗi ƙwarai. Amma a wannan zagayen na riga na san amsoshin kafin a tambaye ni. Wancan na farkon, mai bukka a tsakiyar fadama, shi ne wanda na buga da halina, kuma yana nan a ajiye ban goge shi ba.